Mutumin da Zai Ɗauko Ni Daga Dutsen Ƙanƙara

Ba zan ɓata muku lokaci da yadda na baro gida ba. Duk wanda ya zo Hajji da ƙafa yana da nasa labarin, kuma kowa cewa yake tasa ƙafar ta fi fashewa. Na bi ta Sudan, na haye teku a jirgin ruwa mai warin awaki, na yi Hajjina, komawa ta gagara, na zauna Jidda. Na yi ga-ruwa, na gasa tsire, na yi gadi har aka sace ƙofar da nake gadi. Karatu kuwa, wannan ɗan rubutun da kuke gani da girmana na koye shi, in kun ga ya karkace ku bi shi a hakan.

Lokacin da abin nan ya faru gemuna ya riga ya fara fari. Ina dafa abinci a gidan Shaihu Hamza, wani attajiri mai sayar da tayoyin mota a unguwar Ammariyya. Shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini a wurin hukuma. Iƙamata, takardar izinin zama, tana cikin akwatinsa, fasfona yana cikin akwatinsa, da ana iya ninke numfashin mutum da shi ma yana can. Ba mugu ba ne. Mantuwa ce da shi irin ta masu hali: sai shayi ya makara yake tuna akwai ɗan Adam a kicin.

Wata rana da hunturu, in har za a kira abin da ake yi a Jidda hunturu, don fanka kawai ake rage wa gudu, sai ya leƙo kicin.

"Ya Hajji Idi, haɗa tukwanenka. Za mu duwatsun Labanon."

"Lafiya, ya ammi?" na ce, don haka ake kiran maigida a can. "Wani ne ya rasu?"

"Ƙanƙara za mu gani."

Na ce masa akwai ta a firji. Bai yi dariya ba.

Babban ɗansa Adil ne ya kawo wannan hauka daga Bairut, inda ya yi karatu. Wai a can ƙanƙara sauka take daga sama kamar gari, ta lulluɓe duwatsu, sai mutane masu hankalinsu su ɗaura dogayen katakai a ƙafa, su hau can ƙololuwa, su zamo ƙasa. In sun iso lafiya sai su sake hawa. Shi Shaihu ba zai yi zamiyar ba, kallo zai je, amma cikinsa ba ya karɓar abincin otal, shi ya sa za a tafi da ni.

Ina zuba musu gahawa na ji Adil yana gaya wa ubansa cewa a wajen nan mutane suna karyewa, wasu su faɗa rami, wasu hazo ya rufe su a rasa inda suke. Akwai masu aikin hawa su nemo mutum, da karnuka da wani gadon ja. Amma sai an yi ta'amin tun daga nan, abin da ku a gida kuke ce wa inshora. Ya lissafa kansa, da matarsa, da ubansa. Ni bai lissafa ni ba.

"Ni fa, ya Adil?"

"Kai ai kicin za ka zauna, ya Hajji. Tukunya ba ta zamiya."

Da yamma na koma ɗakinmu a unguwar Sa'alaba na gaya wa matata Kaltume. Bahaushiyar Sudan ce, tana sayar da soyayyar gyaɗa da turaren wuta, bakinta kuma ya fi kaskon gyaɗar zafi. Ta ajiye matankaɗi ta dube ni.

"Alhaji, ni na san ka. Ko a masallaci aka ajiye ka sai ka nemo inda za ka faɗa. In ka mutu a dutsen nan wa zai gan ka? Wa zai yi maka wanka? Da wane ruwan ma, tunda ka ce ya daskare?"

Ba mutuwar ce ta tsorata ni ba. Amma a ce na tako ƙasa tun daga gida don in samu kusanci da Ɗakin Allah, sannan in je in sandare a wani rami kamar kifin firji, ba wanka ba salla ba wanda ya san inda nake? Wannan ya hana ni cin tuwo.

Na roƙi Shaihu, ya ce "bukura", wato gobe. Goben Shaihu kuwa na san ta, ba ta taɓa wayewa. Sai na ɗauko likkafanina, wanda na wanke da zamzam na ajiye tun shekarar da na yi Hajji, na ninke shi da kyau, na hau bene wurin Sitti, mahaifiyar Shaihu. Tsohuwa ce ƙwarai, tana zaune bakin taga tana jan carbi.

"Ajiya na kawo, ya Sitti."

"Mene ne wannan?"

"Likkafanina ne. Ba zan tafi da shi ba, tunda ba za a ga gawar ba. Ki ba wani mai rabo. Ki kuma yafe mini gishirin da yake yawa a miya."

Na ɗan share ido da gefen hannun riga. Ban kai ƙasan bene ba na ji muryarta ta cika gidan: "Hamzaaa!" Mutumin da 'yan kasuwa suke miƙewa in ya shigo, sai ga shi yana hawa bene da takalmi ɗaya.

Ofishin ta'amin ɗin yana Sharafiyya, a saman wani kanti. Mai ofishin wani ɗan Sham ne mai siririn gashin baki kamar an ja da tozali. Na yi masa sallama, na tambaye shi kwana da gajiya da iyali, shi kuwa hannu kawai ya miƙo. Ya ce in kawo takardar kafili. Na kawo, ya ce hoto. Na kawo hoto, ya ce na rufe ido. Na ce haka za su same ni in na faɗa ramin, ai gara su saba. Ya ce in sake. Ya tambaye ni shekaruna, na ce an haife ni shekarar da fara ta cinye gero. Ya ce wace shekara ke nan? Na ce shi da yake da alƙalami ya zaɓa. Haka na yi ta zirga-zirga tsakanin Ammariyya da Sharafiyya cikin gumi, don neman tsari daga sanyi.

Ranar da ya buga hatimi, na gyara zama.

"To, ina mutumin?"

"Wane mutum?"

"Wanda zai ɗauko ni."

"Yana can dutsen."

"Yaya sunansa? Ɗan wane ne?"

"Ya Hajji, ban san sunansa ba. Kamfani ne yake biyansa."

"Shi ya san ni?"

"Ba sai ya san ka ba."

"To in na faɗa rami, wa zai gaya masa?"

"Za a gaya masa."

"Wa?"

"Wani! Halas, ya Hajji, yalla, akwai mutane a bayanka."

Na waiga. Ba kowa a bayana sai fanka. Takardar ma ko taɓa ta ban yi ba. Ya sa ta a ambulan ya ce ta kafili ce, ta tafi ta samu 'yan'uwanta a akwati.

Daga nan na biya kasuwa neman takalmi. Wani mai gwanjo ya ji inda za ni, ya shige can ciki ya fito da wasu dogayen takalman roba har gwiwa. Ya rantse cewa da irinsu sojojin Turawa suke hawa ƙanƙara. Ƙasansu sumul kamar tafin jariri. Ya ce da gangan aka yi su haka, don kada ƙanƙara ta manne. Na yi masa godiya har da addu'a. Daga baya na ga irinsu a ƙafar masu wanke kifi.

Kaltume ta saurari labarin ofis tana ɗaure mini kaya.

"Wato mutumin bai san ka ba, kai ma ba ka san shi ba."

"Wai ba sai an sani ba."

"Ya zol, kai mutumin nan! Wa zai bar wutarsa cikin sanyi ya hau dutse saboda wanda ko ina kwana bai taɓa ce masa ba? In ka isa ka nemo shi ka gaishe shi kamar ɗan mutane. Safe da yamma."

Ta ƙulle mini goro a jiƙaƙƙen ganye, na wanda alhazai suka kawo mata daga gida take ta tattali. Ta ce nasa ne, in na ci ko ɓari ɗaya za ta gani a haƙorina.

Jirgin sama ba zan ce komai a kansa ba, don ido rufe na yi shi. Daga Bairut mota ta yi ta nannaɗe dutse da mu har kunnuwana suka toshe. Da aka buɗe ƙofa na sa ƙafa waje, sai na ji kamar an mare ni da faranti. Ko'ina fari fat, ba kaza, ba akuya, ba mai talla. Numfashina yana fita kamar hayaƙi, ni da ban taɓa shan taba ba. Gidan katako suka kama. Ruwan alwala sai na dafa shi, in na tsaya yin niyya da tsawo ya huce. Shinkafa ta ƙi nuna a kan lokaci, Shaihu ya ce tsufa ne ya kama ni.

Washegari na fita neman mutumina. Aka nuna mini wani ɗan ɗaki mai jar ƙofa a gindin dutsen, kusa da inda kujeru suke rataye a waya suna hawa da mutane. Na same shi yana gyaran igiya. Ƙato ne, Kirista, gashin bakinsa ya isa a share tsakar gida. Sunansa Abu Ilyas. Gefensa wani kare kamar ɗan maraƙi. Na tattare rigata don kada ya shafe ni.

Na yi sallama, na juye masa gaisuwarmu cikin Larabcina na kicin. Ina kwana. Ina gajiya. Yaya iyali. Yaya sanyi. Yaya aiki. Yaya aka ji da jama'a. Da na ga ba ya amsawa sai na riƙa amsa wa kaina da Hausa: lafiya lau, lafiya lau.

"Me kake so?" in ji shi.

"Ba komai. Ni ne Idi, na gidan Shaihu Hamza. Kai ne za ka ɗauko ni."

"Daga ina?"

"Ban faɗa ba tukuna."

Ya dube ni, ya dubi karen. Na kwance ganye na miƙa masa goro da hannu biyu. Ya gatsa, fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar jaka, ya tofar a ƙanƙara. Goron da Kaltume ta hana ni! Na daure na ce daɗin yana zuwa daga baya.

Da la'asar na koma.

"Ka gaishe ni da safe," ya ce.

"Wannan ta safe ce. Ina wuni?"

Haka muka yi ta yi. Da hantsi in na ɗora tukunya in je, in na sallame la'asar in koma. Ya fara kulle ƙofa, sai in gaishe shi ta taga. Ya koma bayan ɗaki, na zagaya na same shi tsugune kusa da itace, ƙato guda yana ɓuya. Wani lokaci tun daga nesa zai ɗaga hannu ya yi ihu, "Lafiya! Kowa lafiya! Matata, 'ya'yana, kare, kowa! Tafi!" Ni kuwa sai na ƙaraso, don gaisuwar nesa ba gaisuwa ba ce. Ni ma fa ba daɗi nake ji ba. Tafiyar kaɗai tana sa yatsuna su mutu. Raina yana ɓaci in ga mutum da girmansa bai iya amsa ina kwana ba. Amma na fi tsoron Kaltume.

Rannan ya kalli ƙafata ya ce, "Takalman nan za su kashe ka."

"Na sojoji ne."

Ya shiga ciki ya jefo mini wata safa ta ulu mai kauri, duk faci. Na sa, na ji ɗumi har wuya. Takalman dai ban canja ba, don ba na son a ce an cuce ni.

Ana saura kaɗan mu koma, Adil ya ce gahawar da ake sayarwa a saman dutse ruwan wanki ce, yana so abokansa su ɗanɗana ta Jidda. In kai masa can da azahar. Wato tukunya ba ta zamiya, amma tana hawa dutse.

Aka ɗora ni a kujerar nan. Ba bango, ba ƙasa, waya ɗaya kamar ta shanya. Na rungume butar gahawa, na karanta duk abin da na haddace, da ya ƙare na koma farko. Na isa, na zuba musu, suka sha suka yaba, suka ɗaura katakansu suka sulale suka bar ni da kofuna.

Da na zo komawa sai na ga abin da ban lura da shi ba. Wajen hawa dutse kake kallo. Wajen sauka kuwa duniya ce gaba ɗaya a buɗe a ƙarƙashinka, gidaje kamar ƙwayar gero. Mai kula da kujerun ya ce in zauna. Na ce masa na gode. Ni da na tako daga ƙasar Hausa har bakin teku, wannan ɗan gangaren ne zai gagare ni? Na saɓa jakata na bi gefe, inda babu masu zamiya, don kada su banke ni.

Na ɗan taɓa tafiya, hazo ya sauko. Ban ga gaba ba, ban ga baya ba. Sai takalman sojoji suka tuna aikinsu. Ƙafafuna suka yi sama, na yi zamiyar nan da masu hali suke zuwa daga nesa su yi, ni a kan gadon bayana, kofuna suna bina suna ƙara. Na ji na bar ƙasa, na ji na dawo, na ji ƙas a ƙafar hagu.

Wani kwari ne tsakanin duwatsu. Na yi ƙoƙarin tashi, ƙafar ta ce ba da ita ba. Na yi ihu da Larabci, na yi da Hausa, ƙanƙarar ta haɗiye. Na shanye sauran gahawar. Da na ga kamar la'asar ta yi, na yi taimama da wani dutse, na yi salla a zaune ina fuskantar inda nake zaton gabas ne.

Sai na zauna ina lissafin wanda zai neme ni. Adil yana zaton na koma gida. Shaihu yana otal yana wasan tawula, darar Larabawa, kuma ya ce ranar zai daure ya ci abinci a can. Takardata tana cikin akwati, da hatiminta da hotona ido buɗe, kwance cikin ɗumi. "Za a gaya masa." "Wani." Da ɗan Sham ɗin nan yana kusa da na jefe shi da buta.

Sanyin ya daina ciwo, ya koma daɗi-daɗi, barci yana jana. Na tuna garinmu. A can in mutum bai fito gaisuwa ba, kafin rana ta take wani ya buga masa ƙyaure. Na tuna kunun tsamiyar innata, har na ji ƙamshinsa. Na tuna likkafanina yana can wurin Sitti, na ce kai Idi, wasan da ka yi ya zama gaske.

Haske ya fara ja baya lokacin da na ji wani abu mai ɗumi yana lasar fuskata. Karen ne. Ranar ban tuna hukuncin yawun kare ba, rungume shi na yi. Sai igiya ta sauko, sai ƙaton nan a bayanta, gashin bakinsa duk ƙanƙara.

Haƙorana suna kaɗawa na ce, "Abu Ilyas, ina wuni? Ina gajiya? Yaya iyali?"

"Rufe mini baki," ya ce.

Ya lulluɓe ni da bargo, ya ɗura mini wani shayi mai zafi, ya yanke takalmin sojan da wuƙa ya yi jifa da shi. Yana ɗaure ƙafar da katako, kansa a sunkuye, sai na ji ya yi gunaguni da Hausa, da harshensa mai nauyi:

"Lafiya lau."

Shi da abokin aikinsa suka ɗora ni a gadon jan nan. A hanya yake ba ni labari, yana haki yana faɗa. Wai da la'asar ta yi bai gan ni ba, ya ce yau Allah ya hutar da shi. Ya dafa shayi ya zauna zai sha cikin kwanciyar hankali. Shayin ya ƙi shiga. Sai kallon ƙofa yake, kare ma yana kallon ƙofa. Ya tashi ya je gidanmu, ya ga murhu a mace. Ya yi wa mai kujeru na sama waya, aka ce masa Hajjin nan ya ƙi hawa, ya ce shi matafiyi ne.

"Ka hana ni sakat da zuwanka," ya ce, "yau kuma ka hana ni sakat da rashin zuwanka. Wane irin mutum ne kai?"

Gaskiya a faɗe ta, takardar ta yi aikinta. Ita ta sallami masu ɗauko ni, ita ta tsaya mini a asibiti. Shaihu ya zo da ita a hannu yana kaɗawa, yana cewa, "Ka gani, ya Hajji? Ba don na matsa an yi maka ba!" Na ce Allah ya saka da alheri, ya ammi. Sai ya tambaye ni a ina na ajiye garin hel da nake sa wa gahawa, don tun jiya bai sha gahawar kirki ba.

Abu Ilyas ya leƙo ranar da za mu tafi. Ya ce in bar masa sauran goron. Wai ɗacin yana hana shi gyangyaɗi a wurin aiki.

Na dawo Jidda da sanda. Sitti ta maido mini likkafanina ta ce in na sake kawo mata shi da kanta za ta naɗe ni a ciki. Kaltume kuwa ko ƙafar ba ta kalla ba sai da ta tambaya, "Ka yi wa mutumin sallama da kyau?"

Da na fara takawa na hau benen nan na Sharafiyya. Ɗan Sham ya ga sandar, ya yi murmushi ya ce, "Ka ga amfanin ta'amin." Na ce na gani. Tun daga ranar, duk sanda na bi ta Sharafiyya sai na hau na gaishe shi, tun daga kwana har gajiya har iyali, ba na tsallake ko ɗaya. Ina so in ga ko zai koya. Ya sa labule, ya sa sakata, ya ce a riƙa cewa ya fita. Har ya bar Jidda bai taɓa ce mini yaya ƙafa ba. Da a ce shi ne a ɗakin nan mai jar ƙofa, da har yau ina can cikin kwarin a sandare, takarduna kuma cif, ba abin da ya rage.